Wa Ke Biya wa Makarantun Zango Allo?

 

Duk wanda ya ratsa Aboabo ko Sawaba ko Asawase ko Zangon Tafo da hantsi a ranar makaranta, abin da zai fara dukan kunnensa shi ne muryar yara suna amsa wa malami baki ɗaya. Malam ya faɗa, aji ya maimaita, ya sāke faɗa, su sāke maimaitawa, har tagogi su ɗauka. Uba mai wucewa zuwa kasuwar Kejetia yakan ji wannan ƙara hankalinsa ya kwanta, ya ce karatu na tafiya. To amma a cikin yara hamsin ko sittin da ke ɗaga murya, nawa ne suka san abin da suke faɗa, nawa ne kuma suke motsa leɓe kurum suna bin sautin na kusa da su? Ƙarar ajin ba ta iya ba da wannan amsa. Sai an ware yaro ɗaya, an tambaye shi, an saurare shi. Wannan warewa da tambaya ita ce asalin abin da ake kira binciken makaranta, kuma ita ce muke son mu duba tare da iyaye a wannan fitowa.

Karatu ba baƙo ba ne a Kumasi. Baturen Ingila Bowdich, wanda ya zo fadar Asante a 1817 zamanin Sarki Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi suna da unguwarsu, babban malaminsu kuma, Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba, yana da makaranta mai ɗalibai kamar saba'in. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, almajiran Alhaji Umaru Karaci, mutumin Kano wanda ya rasu a 1934, suka kafa zaurukan karatu a zangunan ƙasar nan. Daga baya aka sami makarantu masu aji da benci, irin Wataniyya ta Shaihu Ahmad Baba al-Wa'iz da Azhariyya ta Shaihu Adam Baban Makaranta, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Abin da mutane suke mantawa shi ne, makarantar allo tana da nata bincike tun kafin a san sufeto, kuma bincike ne mai tsanani. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya, shi kaɗai, ba tare da muryar kowa ta rufa masa asiri ba. In ya tsallake wasali, ko ya ja inda ba a ja, sai a mayar da shi ya sāke. Babu wanda ake ƙara wa karatu don shekara ta ƙare, ko don tsaransa sun wuce. Ana yin tishe don kada na baya ya zube, manya kuma suna gyara wa ƙanana rubutu kafin a kai wa malam. Ranar sauka kuwa gari ne ke taruwa, yaro ya karanta a bainar jama'a, malamai na saurare. A zauren ilimi ma haka ne: ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassarawa, in ɗalibi ya karkace a i'irabi nan take za a tsayar da shi. Mahaifina, wanda ya yi shekaru yana limanci da karantarwa, ya fi damuwa da ɗalibin da bai taɓa yin kuskure a gabansa ba, domin a ganinsa wannan bai buɗe baki ba ne tukuna.

Sai dai wancan bincike yana da iyaka, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Yana auna harshe da hadda, ba ya cika auna fahimta ba. Yana kuma tafiya da bulala, ita kuwa bulala takan koya wa yaro shiru kafin ta koya masa harafi. Da aka zo zamanin aji da benci, sai muka yi asarar mafi kyawun abin da ke cikin tsohon tsari, wato biyawar mutum ɗaya gaban malam, muka riƙe amshi da bulala. Malami ɗaya ba zai iya sauraron yara sittin ɗaya bayan ɗaya a cikin rabin awa ba, don haka sai ya sa su amsa tare, ya wuce.

A 1987 gwamnati ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, kamar yadda coci-coci suke da nasu sassan tun da daɗewa. Yarjejeniyar ita ce, mai makaranta ya ci gaba da mallakar makarantarsa, a ci gaba da koyar da Larabci da addini, gwamnati kuma ta turo malaman Turanci da lissafi da kimiyya, ta biya su albashi. Wannan ya cire wa iyaye da yawa tsoron da ya hana su kai yara boko a zamanin Turawa, lokacin da makaranta da coci suke gida ɗaya. Amma wanda ya biya albashi dole ya zo ya ga aiki. Tun daga nan makarantun Zango suka shiga hannun masu dubawa.

Su wane ne masu dubawar? Na kusa shi ne jami'in da ofishin ilimi na gunduma ya ɗora wa wasu makarantu, yana zagaya su. Da ana kiransa mai kula da da'ira, daga baya aka sauya masa suna zuwa jami'in tallafa wa gyaran makaranta, don a nuna cewa ba kamun laifi ya zo yi ba. Sama da shi akwai hukuma ta ƙasa. Dokar Ilimi ta 2008 ta kafa Majalisar Duba Makarantu, sa'an nan doka mai lamba 1023 ta 2020 ta mayar da ita hukumar da ake kira NaSIA, ta ba ta ikon duba makarantun gwamnati da masu zaman kansu tun daga rainon yara har sakandare, da ikon ba da lasisi. Ke nan har makarantar da wani Alhaji ya gina da kuɗinsa a bayan gidansa, in dai tana koyar da boko, ba ta fita daga wannan ido ba.

Akwai kuma binciken kuɗi, wanda shi ne aikin odita. Tun shekarar karatu ta 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a matakin farko, ta maye gurbinsa da tallafin da ake lissafawa bisa kan kowane yaro. An fara da tsohon sidi 30,000, wato sidi 3 a sabon kuɗi, aka ƙara zuwa sidi 4 da rabi a 2009, daga baya ya kai sidi 10. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma sun sha yin jinkirin isowa, amma ƙa'idar kashe su tana da kyau. Hedimasta ba shi da ikon cire ko sisi sai ya zauna da malamansa sun rubuta tsarin abin da za a gyara a wannan zango na karatu, shugaban kwamitin gudanar da makaranta ya sa hannu, ofishin gunduma ya amince. Kowane abu da aka saya, alli ne ko rajista ko ƙusar gyaran benci, sai an ajiye rasidinsa. Shi kuwa kwamitin, a cikinsa akwai wakilan iyaye da na unguwa. Kujeru ne namu, amma sau da yawa mukan bar su ga wanda ya fi kusa da mai makaranta, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

A nan akwai wata kunya da ta addabe mu. In aka ce a kawo lissafin kuɗin makaranta, ko na sadakar ginin aji, ko na kuɗin Laraba, sai wani ya ce ana tuhumar malam, ana zubar masa da girma. Wannan ba daga addini ya fito ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka, da ya dawo sai ya zauna ya yi lissafi da shi. Mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi kuwa ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu wanda zai kawo masa kyautar. Sayyidina Umar kuma yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da aka naɗa shi, don a gwada da abin da ya mallaka daga baya. In sahabi bai fi ƙarfin lissafi ba, ban ga yadda ma'ajin kwamitin makaranta zai fi ƙarfinsa ba. Malamin kirki ma lissafin kariya ne gare shi daga tsegumin bakin famfo.

Amma a ce rasidi ya cika, rajista ta cika, littafin shirin darasi na kowane malami hedimasta ya sa masa hannu da jan biro ranar Litinin. Shin an yi karatu ke nan? A 2013 aka gudanar da gwajin karatu na ƙasa ga yaran aji biyu na firamare, aka maimaita a 2015. Hanyar gwajin ita ce hanyar makarantar allo sak: a zaunar da yaro shi kaɗai, a miƙa masa takarda, a ce karanta. Sakamakon ya girgiza masu ilimi. Kusan rabin yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, waɗanda suka karanta da kyau suka kuma fahimta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Waɗannan yara duk suna da rajista, malamansu duk suna da shirin darasi, kuma da ka wuce ta bayan tagarsu da ka ji suna amsawa da ƙarfi. Takardu sun ce lafiya lau, yaro da aka ware ya ce a'a.

Wannan yana daga cikin abin da ya sa aka sauya manhaja. A watan Satumba na 2019 aka fara sabuwar manhaja daga rainon yara zuwa aji shida, wadda ta ce a daina auna malami da yawan shafukan da ya gama, a auna shi da abin da yaro ya iya yi. Ta nemi a riƙa raba yara ƙungiya-ƙungiya, a ba su aiki su tattauna, a bar su su yi tambaya, su taɓa abu da hannunsu, su bayyana yadda suka kai ga amsa. An kuma ware wa malamai lokaci a kowane mako su zauna su duba darasin juna. Kafin nan, a 2017, hukumar ilimi ta hana duka a makarantu, a 2018 kuma aka fara jarrabawar lasisin malanta. Masu duba na NaSIA su ma aikinsu ya haɗa da shiga aji su zauna a baya su kalli darasi: wa ke magana, wace irin tambaya malam ke yi, yara nawa suka sami damar buɗe baki.

Na sha jin dattawa suna cewa wannan salon Turawa ne, zai sa yara su raina malamai. Ina girmama damuwarsu, amma littattafan da ke kan shantarsu ba su goyi bayansu ba. A cikin Kitabul Ilmi na Buhari akwai labarin ranar da Annabi (SAW) ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ya kamanta ta da Musulmi. Bai ba su amsa ba, ya bar su suna ta laluben itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya gane cewa dabino ne, amma kunyar manya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar bai yaba masa a kan shirun ba, sai ya nuna masa cewa da ya faɗa da ya fi masa daɗi fiye da dukiya mai yawa. Duk uban da ke Zango ya kamata ya tsaya a kan wannan. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu, musamman mata, a kan sunkuyar da kai gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure da wurin gaisuwa. Amma yarinyar da ta kai wannan sunkuyawa cikin aji za ta yi shekara tara ba a ji muryarta ba, kuma babu wanda zai san inda ta tsaya sai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito.

Shaihu Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukanmu, ya ware wuri ya yi bayanin cewa ɗalibi ba ya wadatuwa da maimaitawa, sai ya haɗa da muzakara da munazara da jefa wa abokansa mas'ala, ya kuma fifita ɗan lokaci na irin wannan a kan dogon lokaci na tilawa kawai. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya koka a Muƙaddimarsa da ɗaliban da suke shafe shekaru a majalisin ilimi suna zaune shiru, sun cika ƙirji da hadda amma ba su iya tattauna mas'ala ba. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Shekara fiye da 600 ke nan.

Yaya abin yake a aikace, a ajin da rufinsa kwano ne, ga zafi, ga yara sun cika benci? Ba ya bukatar kwamfuta. Malamin lissafi ya sa yara su zo da marafan kwalba ko ƙwallayen dabino, kowane benci ya raba ashirin da huɗu gida uku, gida huɗu, gida shida, sa'an nan ya kira wanda bai ɗaga hannu ba ya faɗi abin da bencinsu ya samu. Malamin fiƙihu, maimakon a rera farillan alwala sau goma, ya kawo buta tsakar makaranta, yaro ɗaya ya yi, sauran su lura su faɗi abin da ya bari. Malamin Larabci ya sa yara biyu su yi cinikin tumatir da Larabci. In malam ya yi tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya bar kowa ya gaya wa na kusa da shi amsarsa kafin a ɗaga hannu. Kowane yaro ya riƙe ƙaramin allo ya rubuta amsa ya ɗaga, malam ya ga aji duka da kallo ɗaya. Allon nan dai namu ne tun asali. Amfanin wannan salo shi ne bincike yana cikinsa: malam ba ya jiran ƙarshen zango kafin ya san wanda ya ɓace, yana gani a take.

Akwai wani cikas da ya keɓanta da yaran Zango, wanda mai dubawa daga Accra ba lalle ya lura da shi ba. Harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu sun haɗa da Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, kuma Hausa ba ta cikinsu. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, wani ma da Mosanci ko Zabarmanci ko Kotokoli a ɗakin kakarsa, yana jin Twi a titi, a aji a yi masa Turanci, da yamma kuma Larabci. Yaron da ake nema ya yi muhawara da harshen da bai mallaka ba, shiru zai yi ko da yana da kaifin basira. Malamin da ya bar yara su fara tattaunawa da Hausa a bencinsu, sa'an nan su kawo amsa da Turanci, bai saɓa wa hankali ba. Wannan magana ce da kwamitocin makarantun Zango ya kamata su riƙa ɗagawa a gaban ofishin ilimi na Asokore Mampong da na sauran gundumomi, musamman wajen neman a turo musu malaman ƙananan azuzuwa masu jin Hausa.

Kada kuma a ɗauka yaranmu ba za su iya ba. A watan Janairu na 2025 makarantar sakandaren Sakafiya da ke Sawaba ta ci kyautar Zayed a Abu Dhabi, a rukunin makarantun Afirka kudu da Sahara, saboda shirin kiwon kifi haɗe da noman ganye, inda ruwan kifin yake ciyar da shuka, shukar kuma ta tace ruwan. Irin wannan aiki ba a haddace shi. Sai an auna ruwa, an yi gardama, an gwada an sāke.

Ɓangaren da ya fi ba ni tsoro shi ne na Larabci da addini, domin shi ne ya fi ƙarancin mai dubawa. Jami'in gunduma sau da yawa ba ya jin Larabci, don haka yakan duba rajista ya wuce. Malamin Larabcin kuma, wanda galibi ba ya cikin masu cikakken albashi, yana rayuwa ne a kan ɗan alawus da abin da iyaye suka miƙa, kuma da wuya a kira shi horon sanin dabarun koyarwa. Ga shi tun 2024 Larabci ya shiga jarrabawar BECE a matsayin darasin zaɓi, inda za a nemi yaro ya karanta ya fahimta ya rubuta, ba ya rera ba. Makarantun dare da na Asabar da Lahadi kuwa babu wata hukuma da ke leƙa su. A nan limamai da masu makarantu ne ya kamata su haɗa kai, malaman wannan makaranta su je su saurari ɗaliban waccan, kamar yadda malamai suke halartar saukar almajiran juna.

Saura iyaye. A tsarin hukumar ilimi akwai taron da ake kira don a baje sakamakon makaranta gaban iyaye da malamai da shugabannin unguwa, a tattauna abin da ya hana yara ci gaba, a sa wa juna buri. In an kira irin wannan taro, ko taron iyaye da malamai, a je, uwa ma ta je, domin ita ta fi sanin lokacin da yaro ke barci da lokacin da yake talla. A tambayi nawa aka karɓa na tallafi da abin da aka saya da shi. A tambayi kwana nawa malamin aji bai zo ba a wannan zango. A tambayi yara nawa ne a aji uku suke iya karanta shafi su faɗi ma'anarsa, a kuma nemi a nuna yadda aka gano adadin.

A gida kuma, ko uban da bai yi boko ba yana iya nasa. Bayan sallar isha'i ya kira yaro ɗaya, ba duka ba, ya buɗe littafinsa na aiki ya ga ko akwai jan biron malam da kwanan wata na wannan mako. Ya ɗora yatsa a tsakiyar shafi, ba farkonsa ba, ya ce karanta daga nan, sa'an nan ya ce faɗa mini da Hausa. Ya tambaye shi wace tambaya ya yi wa malam yau. In yaro ya ce bai yi ba, a ce masa gobe ya yi ɗaya, ya kawo amsar gida.